Yadda ake neman umarnin kariya daga kotu idan duka ya shigo cikin gida

Umarnin kariya takarda ce da alƙali yake sa wa hannu, a cikinta ya lissafa abubuwan da ya hana wani mutum ya yi wa wani: kada ya sake kai mata hannu, kada ya taka ƙofar gidan da take zaune, kada ya je wurin aikinta, kada ya turo wani ya yi abin da aka hana shi. Takardar ba ta raba aure, kuma ba ta kai kowa gidan yari da kanta. Iyaka ce kotu take shatawa, sannan ta ajiye sammacin kamu a gefe, ranar da ya tsallake iyakar sai sammacin ya fara aiki.

Za mu riƙa cewa "ke" da "ki" saboda mata ne suka fi neman wannan kariya, amma dokar ba ta ware jinsi ba. Namiji yana iya nema, haka yaro, haka tsohon da 'ya'yansa suke azabtarwa, haka 'yar aiki a gidan da take zaune. Wanda ake ƙara ma ba lallai miji ba, yana iya zama tsohon miji, ɗan'uwa, uwar miji ko kishiya.

Fara da sanin dokar da take aiki a jiharku

A ranar 25 ga Mayun 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da dokar VAPP. Ita wannan ta tarayya a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye. Kowace jiha sai majalisar dokokinta ta yi tata, gwamna ya sa hannu. Kaduna ta yi tata a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021. Legas kuwa tun 2007 take da dokarta ta kariya daga cin zarafi a cikin gida. Yawancin jihohi sun ɗauki tsarin ta Abuja ne suka yi mata gyare-gyare, don haka lambobin sassa da adadin tara da za ki gani a nan na dokar tarayya ne, kuma a jiharku suna iya bambanta.

Tambayoyi uku za ki nemi amsarsu kafin ki kashe ko sisi. Shin jiharku tana da dokar, kuma gwamna ya sa mata hannu? Wace kotu dokar ta ba hurumin bayar da umarnin kariya? A Abuja Babbar Kotu ce kaɗai, a Legas kotun majistare ma tana iya bayarwa. Na uku, wace hukuma aka ɗora wa kula da aiwatar da dokar? A Abuja hukumar NAPTIP ce, mai yaƙi da fataucin mutane, a jihohi galibi ma'aikatar shari'a ko ta harkokin mata za ki nufa. Tambaya ta biyu ta fi kowacce muhimmanci. Idan kika shigar da takarda a kotun da ba ta da hurumi, lauyan ɗaya ɓangaren ba zai ma taɓa zancen duka ba, zai ce kotun nan ba ta da ikon sauraro, a kori ƙarar, ki koma farko bayan shi ya riga ya san kin kai shi.

Inda ake samun waɗannan amsoshi ba tare da biyan kuɗin lauya ba: ofishin ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA a jiharku, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya, ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, da teburin kula da harkokin mata da yara a hedikwatar 'yan sanda.

Abin da dokar take kira cin zarafi

Mutane da yawa suna zaton sai an ga jini. Dokar ta fi haka faɗi. Dukan mata ko miji laifi ne a sashe na 19, hukuncinsa ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 200,000 ba, ko duka biyun. Korar abokin aure daga gida da ƙarfi ko hana shi shiga laifi ne a sashe na 9. Zagi da ƙasƙanci da muzantawa na yau da kullum suna sashe na 14. Bibiyar mutum duk inda ya sa ƙafa tana sashe na 17. Watsar da mata da yara babu ci babu sha tana sashe na 16. Ba kuma sai an riga an yi dukan ba, kotu tana iya bayar da umarni idan ta gamsu cewa ana gab da aikatawa.

Za ki iya haɗuwa da wanda zai ce miki dokar Final Kod, wato tsohuwar dokar laifuka ta Arewa, ta yarda miji ya ladabtar da matarsa. Sashe na 55 yake nufi, kuma gaskiya ne akwai irin wannan magana a tsohuwar dokar, matuƙar ba a yi mummunan rauni ba. Amma dokar VAPP ta faɗa a sarari cewa inda ta ci karo da tsofaffin dokokin laifuka a kan irin waɗannan laifuka, ita ce a gaba.

Mataki na farko: asibiti da hujja

Idan akwai rauni, asibiti ne farko, a ranar ko kashegari. Tabon duka yana canza launi yana ɓacewa, kumburi yana saɓewa, bayan mako biyu likita ba shi da abin rubutawa. Asibitin gwamnati ya fi, domin rahotonsa ya fi saurin karɓuwa a kotu. A nan ne mata da yawa suke yi wa kansu illa ba da sani ba. Likita ya ce, "Malama, me ya same ki?" sai kunya ta sa ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Abin da ta faɗa shi za a rubuta a fayil, kuma wannan fayil ɗin ne lauyan mijin zai ɗaga a gaban alƙali. Ki gaya wa likita gaskiya: wane ne, da me ya buge ki, ƙarfe nawa. Ki ajiye katin asibiti, takardar magani, rasit da hoton ƙashi idan an ɗauka.

Idan an shaƙe ki a wuya, ki faɗa ko da babu tabo. Shaƙewa tana iya yin ɓarna a ciki ba a gani a waje, kuma tana daga cikin manyan alamun cewa abin zai iya kai wa ga kisa. Haka idan kina da juna biyu. Idan kuma akwai fyaɗe a cikin lamarin, akwai cibiyoyi na musamman, kamar Salama a Kaduna, Waraka a asibitin Murtala na Kano, da Nana Khadija a Sakkwato.

Hoton rauni a ɗauke shi iri biyu: ɗaya daga nesa yadda fuskarki za ta fito a san jikin wa ne, ɗaya daga kusa, a ajiye wani abu kamar murfin biro a gefen raunin don a gane girmansa. A sake ɗauka bayan kwana biyu, lokacin da tabon ya fito sosai. Saƙonnin barazana na waya ko WhatsApp kada ki goge, ki ɗauki hotonsu yadda lambar da ranar za su fito, ki tura wa wadda kika amince da ita, domin abu na farko da mai duka yake ƙwacewa ko fasawa waya ce. Ki riƙe wayar da saƙon ya shigo ta cikinta. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana buƙatar takardar bayani a kan na'urar da aka ciro saƙo ko hoto daga cikinta kafin kotu ta karɓa, lauya zai shirya miki ita, amma sai ya san wace waya ce.

Sai ki kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, ki tabbatar an rubuta a littafin rahoto, ki riƙe ranar da sunan jami'in da ya karɓa. Dokar ta ɗora wa ɗan sanda ya taimaka miki shigar da ƙorafi, ya kai ki asibiti ko wurin da za ki tsira, ya raka ki gida ki kwashe kayanki, kuma idan ba ki da lauya ya bayyana miki haƙƙoƙinki. Idan na kan kanta ya ce, "Hajiya, wannan ai maganar gida ce, ki je ku sasanta," ki ce cikin ladabi, "Yallaɓai, ina so a rubuta, kuma ina so in ga DPO." Idan can ma aka ƙi, sai teburin mata a hedikwata. Ƙin karɓar rahoto bai rufe miki ƙofar kotu ba.

Wa zai shigar da takardar

Ke da kanki kina iya shigarwa. Wani ma yana iya shigarwa a madadinki: ɗan sanda, ma'aikaciyar jinya, jami'in jin daɗin jama'a, malamin makaranta, ko duk wanda ya damu da lafiyarki, kamar yayanki ko mahaifiyarki. Sharaɗin shi ne ki ba da izini a rubuce. Ana ɗauke wannan sharaɗi idan wanda aka zalunta yaro ne, ko mai taɓin hankali, ko wanda yake a sume, ko wanda kotu ta gamsu ba zai iya ba da izini ba, kamar matar da aka kulle a gida. Yaro kuma yana iya neman kariya ba tare da sa hannun iyayensa ba, tunda sau da yawa a wurinsu matsalar take.

Babu wa'adin da idan ya wuce an makara. Duk da haka jinkiri yana rage kaifin ƙara, domin alƙali zai tambayi kansa ina gaggawar take idan abin ya faru wata takwas da suka wuce kuma ba a sake ba.

Takardar rantsuwa, inda ake cin ƙara ko a faɗi

Abin da ake kai wa rajistaran kotu takardar buƙata ce, haɗe da takardar rantsuwa da za ki sa wa hannu a gaban kwamishinan rantsuwa. A karon farko alƙali yana iya yanke shawara a kan wannan takarda kaɗai, bai ga mijin ba, wataƙila ke ma bai ji daga bakinki ba. Saboda haka a zauna a rubuta ta a tsanake.

Ga irin rubutun da ba ya amfani: "Mijina mugu ne, kullum yana dukana, na gaji." Gaskiya ce, amma alƙali ba shi da abin kamawa a ciki. Ga wanda yake aiki: "Ranar Laraba 12 ga wata, da misalin ƙarfe tara na dare, a tsakar gidanmu, ya buge ni da wayar caja a baya da hannun hagu, sannan ya shaƙe ni har na kasa numfashi. 'Yarmu mai shekara bakwai tana tsaye a bakin ƙofa. Maƙwabciyarmu ta shigo ta raba. Da safe na je asibiti, ga katin a haɗe." Rana, lokaci, wuri, abin da aka yi amfani da shi, wanda ya gani, da takardar da ta tabbatar.

A jera abubuwan da suka faru sakin layi bayan sakin layi, kowanne da lambarsa. A fara da bayanin ko ke wace ce da alaƙarki da wanda ake ƙara, sai abin da ya faru na baya-bayan nan, sai mafi muni, sai tarihin yadda abin yake ƙaruwa. Idan ba ki tuna ranar ba kada ki ƙirƙira, ki ce "cikin azumin bara" ko "mako guda bayan sunan ƙaramin ɗanmu". Kalmomin barazana a rubuta su yadda ya furta su, ko da munana ne. "Ya yi mini barazana" ba ta kai nauyin "ya ce in na sake zuwa gidanmu sai an ɗauko gawata" ba. A faɗi ko yana da bindiga, adda ko wuƙar da ya taɓa zarowa, da inda yake ajiyewa. A rufe da dalilin da ya sa kike tsoron zai sake, da dalilin da ya sa ba za a iya jira a sanar da shi tukuna ba.

Kada a ƙara gishiri. Ƙarya a takardar rantsuwa laifi ce a ƙarƙashin dokar, kuma ƙarya ɗaya da aka kama takan ja gaskiya goma ƙasa. Idan kin rama a lokacin faɗan, ko kin jefe shi da wani abu, ki gaya wa lauyanki tun farko, gara ta fito daga bakinki da ta fito daga nasa. Takardar galibi da Turanci ake rubuta ta, don haka idan ba kya karanta Turanci, a karanta miki a fassara layi bayan layi kafin ki sa hannu ko ki dangwala, kuma a rubuta a ƙasa cewa an fassara miki da Hausa kin gane. Waɗanda suka gani da idonsu, maƙwabciya ko ƙanwa, su ma suna iya yin tasu takardar rantsuwar a haɗa. Duk kuɗin da aka karɓa a rajista, ki nemi rasit.

Abin da za ki roƙi kotu

Kotu ba ta cika ba da abin da ba a roƙa ba, kuma ɗan sanda ba zai aiwatar da abin da ba a rubuta ba. Sashe na 31 ya ba kotu ikon hana wanda ake ƙara sake cin zarafinki, ko sa wani ya yi masa, ko shiga inda kike zaune da inda kike aiki, ko shiga gidan da kuke tare ko wani sashe nasa, ko hana ki shiga gidan, ko sayar da gidan ko jinginar da shi. Tana iya sa a ƙwace makami, ta sa ɗan sanda ya raka ki kwasar kaya, ta umarce shi ya samar miki wani masauki, ta yanka masa kuɗin agajin gaggawa, ta hana shi ganin yara ko ta gindaya sharuɗɗan gani idan maslahar yaran ke nan.

Ki zauna ki bi rayuwarki ta mako guda, ki ga duk inda zai iya tare ki. Shagonki a kasuwa, makarantar bokon yara, Islamiyya, gidan iyayenki, asibitin da kike awo. Kowanne a ambace shi da suna. A roƙi hana kira da saƙo da aike, domin idan aka hana shi zuwa kawai, sai ya koma kira sau talatin a dare, ko ya riƙa turo ƙannensa. A gidan da ake zaune da kishiya ko gidan gandu, hana shi shiga gidan gaba ɗaya zai yi wuya, amma ana iya hana shi shiga sashenki ko ɗakinki, a fayyace wanne ne. Kuɗin agaji kuma a kawo shi da lissafi: kuɗin magani nawa, haya nawa, abinci nawa, da rasit inda akwai. Kayan da za a kwaso a rubuta su, har da takardun makaranta, katin banki, katin ɗan ƙasa, takardun haihuwar yara da keken ɗinki idan da shi kike ci.

Idan kin koma wurin da bai sani ba, ki gaya wa lauya da rajistara tun kafin a buga takardu. Dokar ta ce a cire adireshin mai ƙara daga cikin umarnin sai idan babu makawa. Kwafin takardar rantsuwarki za a kai masa, don haka adireshin ɓoyonki kada ya shiga can ma, a yi amfani da na ofishin lauya.

Umarnin wucin gadi da kai masa takarda

Kotu za ta duba buƙatar da wuri gwargwadon iko. Idan ta ga hujjar farko ta nuna an yi cin zarafi, ko ana yi, ko ana gab da yi, za ta ba da umarnin wucin gadi ko da ba a sanar da shi ba. A ciki za a sa ranar da zai zo ya faɗi dalilin da zai hana a mayar da umarnin na dindindin. A dokar Abuja wannan rana ba ta gaza kwana 5 bayan an kai masa takarda.

Kai takardar aikin ma'aikacin kotu ne, ba naki ba, kuma kada ki yarda a ba ki ki kai. Naki shi ne ki sauƙaƙa masa: kwatancen gida, wurin aiki, majalisar da yake zama da yamma, lokacin da ake samunsa, hotonsa, lambar wayarsa. Bayan an kai, ki tabbatar ma'aikacin ya saka shaidar kaiwa a cikin fayil. Ƙararraki da yawa a nan suke maƙalewa, a zo ranar zama a buɗe fayil babu shaidar an kai, sai a ɗage. Kuma ba za a kama mutum da karya umarnin da ba a nuna ya sani ba. Idan yana ɓuya, lauya ya roƙi kotu izinin kaiwa ta wata hanya, kamar liƙawa a ƙofar gidansa.

Ranar da takarda ta isa hannunsa tana cikin ranaku mafi haɗari a duk wannan tafiya. Mutumin da ya saba juya ki yadda ya so ya ga al'amari ya fita daga hannunsa, kuma takarda ba ta tare sanda. Ki roƙi ma'aikacin kotu ya gaya miki ranar da zai kai. A ranar kada ki kwana inda zai same ki ke kaɗai, yara su kasance tare da ke ko a hannun wanda kika yarda da shi, makaranta ta san wanda aka yarda ya ɗauke su. Jaka ɗaya mai takardu, magani, ɗan kuɗi da kayan sawa ta riga ta fita daga gidan tun kafin nan. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma ki riƙe lambar DPO da ta wani maƙwabci da zai iso cikin minti biyar.

Ranar zama

Ki je, ko da ya aiko cewa ba zai zo ba, ko da dangi sun ce an gama magana. Idan bai zo ba, kuma kotu ta gamsu an kai masa takarda yadda ya kamata, za ta ba da umarnin a bayan idonsa. Idan ke ce ba ki zo ba, ana iya korar ƙarar, na wucin gadin ya faɗi. Idan ya zo ya musa, za a saurari kowa. Ma'aunin a nan bai kai na shari'ar laifi tsauri ba, alƙali zai duba maganar wa ta fi rinjaye ne kawai.

Ki zo da asalin takardu da kwafinsu, da wayar, da shaidunki. Ki sake karanta takardar rantsuwarki daren ranar, domin daga cikinta za a yi miki tambayoyi. Ki nemi tafinta idan Hausa ta fi miki sauƙi. Alƙali za ki kalla ki ba amsa, ba mijin ba. Lauyansa zai tambaye ki me ya sa kika zauna shekara goma idan da gaske ne, ko me kika yi masa har ya kai hannu. Ki amsa a taƙaice da gaskiya, kada ki shiga musu. Kada ki zo ke kaɗai, kuma bayan an tashi ki bari ya riga ki fita, ko ki nemi ɗan sandan kotu ya raka ki bakin titi.

Sammacin kamu, da abin yi idan ya karya

Duk lokacin da kotu ta ba da umarnin kariya, tana haɗa shi da sammacin kamu wanda aka dakatar muddin yana bin sharuɗɗa. Rajistara zai ba ki kwafin umarnin mai hatimi da asalin sammacin, ya aika kwafi ofishin 'yan sandan da kika zaɓa. Ki zaɓi na kusa da inda kike kwana yanzu, ba na unguwar da kika baro ba. Kada ki tsaya jiran aike, ki ɗauki kwafi ki kai da kanki, a buga miki hatimin karɓa a kan naki. Ki yi kwafi da yawa: ɗaya a jaka, ɗaya a gidan iyaye, ɗaya wurin aiki, ɗaya makarantar yara, da hoto a waya. Umarnin da Babbar Kotun Abuja ta bayar yana aiki a duk faɗin Najeriya, kuma yana nan har sai kotu ta soke shi, ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta dakatar da shi.

Idan ya karya, za ki yi sabuwar takardar rantsuwa mai faɗin sharaɗin da ya karya da yadda ya karya, ki miƙa ta tare da sammacin ga ɗan sanda. Idan jami'in ya ga akwai haɗari a kusa, zai kama shi nan take. Idan bai ga haka ba, zai ba shi takardar gayyata zuwa kotu. Hukuncin karya umarnin a dokar Abuja tara ce da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun. Idan sammacin ya ɓata, ko an yi amfani da shi, rajistara zai ba ki wani bayan kin yi rantsuwa.

Ki kai rahoton karyawar farko komai ƙanƙantarta. Saƙo ɗaya ne, ko tsayuwa da babur a bakin layi, gwaji yake yi ya ga ko takardar tana da haƙori. Ke ma kada ki buɗe masa ƙofa: idan kika kira shi ko kika gayyace shi gida alhali umarnin yana nan, kin ba lauyansa abin faɗa, kuma ɗan sanda zai yi sanyi a karo na gaba. Maganar yara da kuɗin makaranta a bi da ita ta hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, a sa sunansa a cikin umarnin.

Sulhu, matsin dangi da kotun Musulunci

Da zarar takarda ta fita, za a fara zuwa. Kawu zai zo, limamin unguwa zai zo, a ce, "'Yata, ki rufa mana asiri, ki janye, ya yi nadama." Neman sulhu ba aibi ba ne, Alƙur'ani ma ya yi umarni da a tsayar da mai sasantawa daga danginsa da danginta. Amma sulhu bai buƙaci a janye kariya ba. Dokar ta ba kotu damar amincewa da hanyar sasanci idan mai ƙara ce ta gabatar, don haka ana iya zaman sulhu umarnin yana nan daram. Idan har kin yanke shawarar komawa, ki roƙi kotu ta gyara umarnin maimakon ta soke: a cire hanin shiga gida, a bar hanin duka da barazana, sammacin ya ci gaba da zama. Alƙali ba zai gyara ko ya soke bisa roƙonki ba sai ya gamsu da son ranki kika zo, don haka idan tilasta ki aka yi, ki faɗa masa a nan. Takardar alkawari da aka rubuta a gaban mai unguwa, Hisba ko ofishin 'yan sanda tana da amfani a matsayin hujja, domin ta nuna ya amsa ya yi, amma ba ta ɗauke da sammacin kamu.

Umarnin kariya ba ya yanke maganar saki, riƙon yara na dindindin ko ciyarwa. Ga auren Musulunci waɗannan na kotun shari'ar Musulunci ne, kuma a mazhabar Malikiyya alƙali yana iya raba aure saboda cutarwa idan ta tabbata, ba tare da matar ta mayar da sadaki ba, saɓanin khul'i. Rahoton likita da shaidun da kika tara don umarnin kariya su ne dai za su yi miki aiki a can, don haka kada ki yi saurin karɓar khul'i kafin ki nemi shawara. Ga auren rajista kuma Babbar Kotu ce. Kotun da kika nemi kariya a gabanta ba za ta ƙi ba ki don kawai akwai wata hanyar ba, sai dai tana iya sa wa wani sashe na umarnin wa'adi, don ki kai maganar inda ta dace kafin ya ƙare. Ki rubuta wannan ranar a inda za ki riƙa ganinta.

A inda jiha ba ta da dokar, ko ma'aikatan rajista suka ce ba su taɓa ganin irin wannan buƙata ba, akwai abin yi. Duka da jikkatawa da barazana laifuka ne a dokar Final Kod da dokokin laifuka na shari'ar Musulunci, ana iya shigar da ƙara a kansu. Majistare yana da ikon sa mutum ya ɗauki alkawarin zaman lafiya na wani lokaci tare da masu tsaya masa. Idan kuma an gurfanar da shi aka zo maganar beli, a roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi a sa sharaɗin kada ya kusance ki ko ya tuntuɓe ki, domin karya sharaɗin beli yana iya sa a soke belin. Inda dokar take amma ba a saba da ita ba, lauya ya je da kwafinta a hannu, ya buɗe wa rajistara sashen da ya yi maganar umarnin kariya da sashen da ya ambaci kotun da take da hurumi.